Na Fid da Rai da 'Yan Siyasa: Laifi Ne Kirista Ya Naɗe Hannu?

Tambaya: Baba Fasto, ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Sumaila, ina cikin matasan ikilisiyarmu. A zaɓen 2023 na yi wa wani ɗan takara aiki, gida-gida na bi, har ejan na tsaya masa a akwatinmu. Ya ci, kuma tun daga ranar ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba. Famfon da ya ce zai gyara yana nan a mace, makarantarmu malami ɗaya. Na yanke shawarar ƙona katin zaɓena, in riƙe noma da addu'a, kowa tasa ta fishshe shi. Ai Yesu ya ce mulkinsa ba na duniyar nan ba ne. Akwai zunubi a ciki?

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da haƙuri. Magana biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, ka cire zuciyarka daga kan 'yan siyasa. Wannan ba zunubi ba ne, da ma can ba a ce ka ɗora ta a kansu ba. Ta biyu, ka ce kowa tasa ta fishshe shi. Wannan ita ce mai haɗarin, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Ba zan ce ka yi ƙarin gishiri ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mai noman rani ya ji a injin ban-ruwansa, mai kai kaya kasuwa ya ji a kuɗin mota, mai jego ta ji a kuɗin niƙa. A watan Oktoban 2024, a garin Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, tankar mai ta kife, jama'a suka taru kwasa, ta yi bindiga, fiye da mutum 150 suka mutu. Wanda ya ga irin wannan ya ce ya gaji da alkawari, ba zan yi masa wa'azin rashin bangaskiya ba.

Littafi Mai Tsarki ma bai taɓa yi mana kwalliyar masu mulki ba. Zabura ta 146 ta ce kada a dogara gare su, domin 'yan adam ne, ranar da numfashinsu ya fita ranar shirinsu ya watse. Da Isra'ilawa suka matsa sai an naɗa musu sarki, Sama'ila ya lissafa musu abin da zai biyo baya ɗaya bayan ɗaya: zai kwashi 'ya'yanku maza su gudu a gaban karusansa, 'ya'yanku mata su yi masa girki, ya karɓe gonakin da suka fi kyau ya ba fadawansa. Duba 1 Sama'ila sura 8, za ka ga kamar jiya aka rubuta. Sai dai in faɗi wata gaskiya a gefe: yawancin zafin da matasa ke ji yanzu, daga wurin ibada aka hura shi. An sami shugabannin addini, namu da na maƙwabtanmu, da suka tsaya a gaban jama'a suka nuna ɗan takara kamar shi ne wanda Allah ya aiko. Wanda aka gaya wa haka, in abin ya rushe, ba da ɗan siyasa kaɗai zai yi fushi ba, har da Allah zai soma ƙunƙuni. Don haka ka bincika zuciyarka, ka ga ko fushin naka bai fara tsallakawa can ba.

Yanzu ayar da ka kawo, Yahaya 18:36. A gaban Bilatus Yesu ya faɗe ta, yana bayyana dalilin da ya sa mabiyansa ba su zare takobi don su ƙwace shi ba. Magana ce a kan yadda mulkinsa ke kafuwa, ba izinin naɗe hannu ba ce. In kana son ka ga ra'ayin Yesu a kan "kowa tasa ta fishshe shi", buɗe Markus sura 6. Rana ta yi yamma, taro ya cika jeji, almajirai suka kawo shawara mai kama da ta hankali: a sallame su, kowa ya shiga ƙauyuka ya sayo wa kansa abinci. Yesu ya ce su, su ba su abinci. Da suka fara lissafin kuɗin da ba su da shi, sai ya tambaye su gurasa nawa ke hannunsu, ya ce su je su duba. Bai tambaye su abin da ke taskar Hirudus ba. Abin da ke jakarsu ya tambaya.

Luka ma da gangan ya buɗe sura ta 3 da jerin masu mulkin zamanin, Kaisar Tibariyas, Bilatus, Hirudus da sauransu, babu na kirki a ciki da talaka zai jingina da shi. A ƙarƙashin waɗannan ne jama'a suka tambayi Yahaya Maibaftisma me za su yi. Ya ce mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su ƙara a kan abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su yi ƙwace, kada su yi ƙage, su tsaya ga albashinsu. Bai ce wa kowa ya jira a sauya gwamna ba. Kuma wannan Yahayan ne ya dubi Hirudus ya gaya masa laifinsa, har abin ya ci kansa. Ashe gyara na kusa da faɗa wa na sama gaskiya, mutum ɗaya ne ke yin su.

Akwai wani mutum da ba a cika wa'azi a kansa ba, ni kuwa ina ƙaunarsa ƙwarai, Ebed-melek Bahabashe, a Irmiya sura 38. Bara ne a fadar Sarki Zadakiya, baƙo kuma, ba ɗan ƙasa ba. Fadawa suka jefa annabi Irmiya cikin rijiyar da babu ruwa sai laka, sarkin da kansa ya ce musu ga shi nan a hannunku, ni ba ni da yadda zan yi da ku. Ka ga gwamnatin da ta fi taku lalacewa: birnin Urushalima a kewaye da abokan gaba, abinci ya ƙare, sarki na tsoron yaransa. Ebed-melek ya fita ya tari sarki a bakin ƙofa, ya ce abin da aka yi mugunta ce, mutumin nan zai mutu. Da aka ba shi izini, bai zarce rijiyar da igiya kawai ba. Ya fara biyawa ta wani ɗaki a fada ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura su ƙasa, ya ce wa Irmiya ya sa su a hammatarsa ƙarƙashin igiyar, don kada ta yanke shi wajen ja. Birnin dai ya faɗi, Ebed-melek bai hana ba, ba shi da ikon hanawa. Amma a sura ta 39 Allah ya aika masa da saƙo da sunansa. Mutumin da ke tunanin hammatar wani a ranar da ƙasa ke rushewa, shi ne irin mai bin da nake so ka zama.

To a ƙauyenku, ina rijiyar, ina tsummokin? Bari in fara da hatsi, don a nan ne na fi ganin mu masu bi muna faɗuwa ba tare da mun kira abin zunubi ba. Ka san yadda ake yi. Tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, rumbun mai ƙaramin ƙarfi ya ƙare, gero bai nuna ba, ga ciyawa ta taso gona na neman hannu. Sai ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samo tiya ɗaya ta dare. Ko kuma ya je wurin mai hali ya karɓi buhu a kan zai biya biyu da kaka, ko ya karɓi kuɗi a kan amfanin da bai ma fitar da kai ba, a farashin da mai kuɗin ya ga dama. Da kaka ya biya, rumbunsa ya fara shekara da giɓi, baɗi ya dawo da wuri. Shekara uku a haka sai jinginar gona. Wanda ya ba da bashin nan ba gwamna ba ne, ba ɗan majalisa ba ne. Sau da yawa benci ɗaya suke zama a majami'a ranar Lahadi.

Nehemiya sura 5 labarin wannan ne daidai. Yunwa ta shigo, mutane suka jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi, wasu suka ci bashi don biyan harajin sarkin Farisa, har 'ya'yansu suka shiga bauta. Harajin daga sama yake, Nehemiya ba shi da ikon soke shi. Amma ruwan da ake ɗorawa a kan bashi, 'yan'uwa ne ke ɗora wa 'yan'uwa, shi kuwa wannan ana iya kashe shi a yini ɗaya. Ya tara taro, ya ce a mayar da gonakin yau ɗin nan, a daina karɓar ruwa, ya sa aka yi rantsuwa a gaban firistoci. Shi da kansa shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ake yanka wa gwamna ba, saboda ya ga nauyin ya yi wa jama'a yawa. Karin Magana 11:26 kuma ta ce wanda ya ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, albarka tana kan wanda ya fito da shi ya sayar.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ajiye amfanin gona zuwa lokacin da zai yi daraja ba laifi ba ne. Manomin da ya zubar da komai da kaka a farashin banza, 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau su kwasa, shi ne zai dawo ya saya da tsada. Iyakar tana nan: ranar da ka san gidan da ke bayan danga ba a ɗora tukunya ba, kai kuma kana da abin da ya fi ƙarfin cin gidanka, ka ce sai farashi ya ƙara tashi, ranar ka shiga cikin Yakubu 4:17, wanda ya san abin kirkin da ya kamata ya yi, bai yi ba, zunubi ne a gare shi. Ayar ba ta ce sai in gwamnati ta yi nata ba.

Ikilisiyar ƙauye tana da abin da za ta iya a nan, ba sai da taimakon kowa ba. Hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka, a maimakon a sayar da shi duka nan take, a keɓe wani kaso a ajiye zuwa damina. A ranta wa mabukaci tiya, ya mayar da tiya, da kwanon da aka auna masa za a auna in ya kawo. Gwauruwa da marayu su ne na farko, wanda aka san ba zai iya biya ba a ba shi a yafe tun farko, kada a rubuta shi a bashi a riƙa binsa da kallo. Amma in za ku yi, ku yi da tsari, don na ga inda irin wannan ya raba ikilisiya gida biyu. Kada makulli ya zauna a hannun fasto, don a tsare masa mutunci. Kwaɗo biyu, ɗaya wurin dattijo, ɗaya wurin Zumuntar Mata. Littafi a rubuce, a karanta shi a gaban jama'a. Wake kuma in za ku ajiye, ku nemi buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, a busar da shi sarai, a ɗaure kowane ruɓi daban, ba sai an zuba masa maganin ƙwari ba. Sannan kada a tambayi mai yunwa inda yake ibada. Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, ta ƙara da cewa musamman 'yan'uwa masu bi. Ba ta ce su kaɗai ba. A ƙasar nan tamu Musulmin da ke maƙwabtaka da kai ɗan baffanka ne ko ɗan gwaggonka, kakanku ɗaya. Shi ma fetur ɗin nan ɗaya yake saya.

Sai famfo. Ka ce yana nan a mace. Ka taɓa tsayawa an kwance shi ka ga abin da ya mutu? Famfon tuƙa-tuƙa yawanci ba rijiyar ce ke ƙafewa ba. In ana tuƙawa hannu na tafiya sakayau ba nauyi, ruwa ba ya zuwa, galibi robar da ke can ƙasa ce ta cinye, ko sandar ƙarfen ta kwance a wata gaɓa. In sai an daɗe ana bugawa da safe kafin ruwa ya iso, bututu ne ke yoyo ko bawul ɗin ƙasa ya daina riƙewa. Aikin yini guda ne ga makanike da samari huɗu masu ƙarfi da za su riƙa jawo bututun gaɓa-gaɓa suna jerawa a kan itace don kada ƙasa ta shiga. Kuɗinsa, in aka raba gida-gida, ba ya kai abin da ake kashewa a magani in yara suka koma shan ruwan kududdufi. Abin da ke kashe famfo a ƙauyukanmu shi ne kowa na cewa na gwamnati ne. Ku samu mai unguwa, ku samu liman, a kira makaniken ya faɗi kuɗi a bainar jama'a, a ɗora wata dattijuwa mai amana a kan asusun, kowane gida ya riƙa jefa ɗan abu duk ranar kasuwa, don lalacewa ta gaba ta tarar da kuɗinta a ajiye.

Na san abin da za ka ce, don matasa sun sha faɗa mini: Baba, in mun gyara da kanmu, ai mun ɗauke wa ɓarawo nauyi ke nan. Maganarka da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban yarda ka ƙona katin ba. Ku gyara famfon don 'ya'yanku ne ke sha, sannan ku bi haƙƙinku. Bulus da ya rubuta Romawa 13 a kan yi wa hukuma biyayya, a zamanin Kaisar Nero ya rubuta, kuma shi ne a Filibi, bayan an yi musu dūka shi da Sila ba shari'a, da mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, ya ce sam, mu 'yan ƙasar Roma ne, su zo da ƙafarsu su fitar da mu. Suka zo, suka ba da haƙuri. Biyayya ba ta hana shi riƙe takardarsa ta ɗan ƙasa ba. Kai ma kana da taka. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin addini, sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda shi. Ƙorafe-ƙorafen da Masihiyawan karkara suka daɗe suna yi, na malamin da zai koyar da 'ya'yanmu addininsu a makarantar gwamnati, da filin majami'a, da takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ba wanda zai saurare su daga bakin unguwar da aka san ba ta fitowa zaɓe.

Kuma kada ka yarda da masu cewa ƙuri'a ba ta taɓa canza komai ba. Tambayi tsofaffin garinku yadda ake gudu daji lokacin haraji, yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci. A 1979 talakawa suka zaɓi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, Abubakar Rimi, ɗan ƙasarku ta Sumaila, ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali, lokacin Jigawa ma tana cikin Kano. Wannan abu ya shiga kowane gida, na Musulmi da na Kirista da na Bamaguje. Ba kullum ake samun irin haka ba, amma an samu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuwa, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan miliyan 25 ne kawai suka jefa. Masu ƙona kati a zuci sun riga sun fi yawa, kuma ba abin da ya fi wannan daɗi ga mai sayen ƙuri'a, don 'yan kaɗan zai saya.

Shawarata, ka sauko da idonka daga Abuja. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, kowace da kason da ake ware mata duk wata. A 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin nan ya riƙa shiga asusunsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma firamare da ɗakin shan magani da famfo duk a matakin nan ake tambayarsu. Kansila kuma ba ya da inda zai ɓuya, kun san gidansu, kun san ranar da yake zuwa ɗaurin aure. Maganar malami ɗaya, ku rubuta ta a takarda: yara nawa, aji nawa, tun yaushe. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, fasto ya sa, shugaban kwamitin makaranta ya sa. A kai wa sakataren ilimi, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa, a koma bayan wata guda, a sake komawa. Kafin a turo malamin, kai da ka iya rubuta mini wasiƙa mai tsabta haka, me zai hana ka ɗauki 'yan aji ɗaya da yamma sau biyu a mako a ƙarƙashin inuwa?

Ka tuna ma ta inda bishara ta shigo ƙasar nan. Ba ta kujerar mulki ta shigo ba. Ta asibitin kutare na Yadakunya ta shigo, inda ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM suka kama aiki a ƙarshen shekarun 1930, da asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, da ƙananan ɗakunan magani da ajin koyon karatu a wurare irin su Roni da Karaye, bayan an gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kakanninmu da suka ba da gaskiya ba su da kansila ko ɗaya. Wanke gyambo suka gani, suka tambayi dalili.

Saura abu biyu da suka rataya a wuyanka kai kaɗai. Mutanen da ka bi gida-gida ka ce su zaɓi wane, da bakinka ka yi musu alkawari, ko da a madadin wani ne. Kada ka riƙa sauya hanya in ka hango su. Ka je ka ce musu abin da na gaya muku bai tabbata ba, ga abin da nake so mu yi a kai. Su ne za su zama farkon masu sa hannu a takardar. Shi kuma ɗan takarar, ka sa shi a addu'a kamar yadda 1 Timoti sura 2 ta ce a yi wa masu mulki, kuma addu'ar ba ta hana in ya dawo neman ta-zarce ka tashi a gaban taro, cikin ladabi, ka tambaye shi famfo.

Zai dawo kuwa, da taliya da atamfa da 'yan dubu a ambulan. Wasu za su ce maka karɓi, ai kuɗinka ne, ka zaɓi wanda kake so. Ni ban ba ka wannan shawarar ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma bakin da ya karɓa ba ya iya tambaya. Tsohuwar da ta kwana biyu ba ta ci ba ta miƙa hannu, ba ni da bakin hukunta ta, aikinku ne ku sa rumbun ikilisiya ya riga ɗan siyasa isa ƙofarta. Amma kai matashi ne mai gona, kuma kai za a sake nema ka raba. In sun kawo maka buhun rabon, ka ce su kai wa wani.